Rikicin Bahar Maliya gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ke cinye mana kuɗi ba

Tun ƙarshen shekarar 2023 'yan kasuwarmu na Kumasi suka samu sabuwar amsa. Ka shiga Magazin ka taya shokazoba ko gilashin mota, in ka ji farashi ka ce haba maigida, sai ya ce maka "Alhaji ba laifina bane, teku ce ta rikice, jirage basa wucewa." Haka a Kejetiya, haka a Adum, haka a Alaba wajen masu dadduma da jallabiya da turare, saura kaɗan mai gawayi ma ya ce ta Bahar Maliya buhunsa ya biyo. Ni dai a ganina maganar ba ƙarya bace, amma rabinta ake faɗa mana, ɗaya rabin kuma, wanda yake nan gida a hannunmu, shi ne babu mai son a taɓa.

Abin da ya faru kowa ya ji shi a rediyo. Bayan yaƙin Gaza ya ɓarke, 'yan Huthi na Yaman suka fara kai wa jiragen kaya hari a mashigin Babul Mandab, wata 'yar ƙofa ce mai faɗin kusan kilomita 30 tsakanin Yaman da Jibuti, kuma duk jirgin da ya taso daga Asiya zai bi ta Suwez zuwa Turai dole ya ratsa ta nan. Ranar 19 ga Nuwamban 2023 suka sauka da jirgi mai saukar ungulu a kan wani jirgin dakon motoci mai suna Galaxy Leader suka tafi da shi har da ma'aikatansa. Kafin Disamba ta ƙare manyan kamfanonin nan, su Maersk da MSC da CMA CGM da Hapag-Lloyd, sun ce su kam sun haƙura da hanyar, suka koma zagayowa ta ƙasan Afirka ta Kudu. Zagayen nan yana ƙara wa jirgi kwana goma zuwa sati biyu, ga mai da zai ƙona, ga albashin ma'aikata, ga inshora da ta yi sama ga wanda ya yi taurin kai ya ce sai ya bi ta Bahar Maliyan. Kuma Suwez ba ƙaramar hanya bace, wajen kashi 12 cikin ɗari na cinikin duniya ta nan yake wucewa, in kwantena ce zalla ma ya kai kusan kashi 30.

To amma ɗauki taswira ka duba. Jirgin da ya loda kaya a Gwanzu ko Ningbo can Chaina zai zo Tema, me zai kai shi Suwez? Akasarinsu dama can ta ƙasan Afirka ta Kudu suke biyowa, su hauro ta Angola su zo Legas, Lome, Tema, Abijan. Kayan Turai, motocin Jamus da Beljiyam da gwanjon Ingila da ake kwancewa a Kantamanto, ta Atilantika suke gangarowa, babu ruwansu da Yaman. Kayan Turkiyya ta Bahar Rum suke fita su bi ta bakin Maroko. Wanda za a ce abin ya taɓa kai tsaye sai kayan da ake fara kaiwa tashoshin Maroko ko Sifen a sauke a sake loda su a wani jirgin, da wasu kayan Dubai da Jidda. To me ya sa mai kawo takalma daga Chaina ya ga kuɗin dakonsa ya ninka alhali ko harsashi ɗaya ba a harba a hanyarsa ba?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota ana jajibirin Sallah ya san amsar. Hanyar Bawku lafiyarta ƙalau, babu gadar da ta karye, amma motocin duk sun koma inda fasinja ya fi yawa kuma ya fi biya, sai ka ga 'yan motocin da suka rage sun ƙara kuɗi, kuma in baka hau ba wani zai hau. Jiragen duniya ma adadinsu ɗaya ne. Da tafiyar Chaina zuwa Holan ta ƙaru da sati biyu zuwa, sati biyu dawowa, sai ya zama kamfani yana buƙatar ƙarin jirage kafin ya iya riƙe jadawalinsa na sati-sati, kuma ba sabbi zai ƙera a wata ɗaya ba, daga ƙananan hanyoyi irin namu zai zaro su ya kai inda manyan kwastomominsa suke. Kwantenonin da babu komai ciki su ma suka maƙale a hanya basu koma Chaina a kan lokaci ba, tashar Singafo ta cushe a tsakiyar 2024 jirage na kwana da kwanaki a layi. Hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCTAD, ta lissafa cewa tsakanin Janairu da Yulin 2024 kuɗin dako daga Shanghai zuwa Afirka ta Yamma ya ninka fiye da sau biyu. Kaga kenan ba mu ne a filin daga ba amma mun biya, kuma mun biya ne saboda mu ne kwastoman da aka fi sauƙin ajiyewa a gefe.

Inda abin ya fi ban haushi shi ne yadda ƙarin yake haihuwa in ya iso gida. Kwastan ba a kan kuɗin kayanka kaɗai suke lissafa diyuti ba, a kan jimillar kuɗin kaya da inshora da dako suke yi. Wato in kamfanin jirgi ya ƙara maka dala dubu biyu, kuɗin fito ma ya ƙaru, VAT ya ƙaru, sauran 'yan harajin da ke jere a takardar nan su ma kowanne ya ɗan miƙe, kuma duk da dala ake aunawa kafin a juya zuwa sidi. Gwamnati bata harba makami ko ɗaya a Bahar Maliya ba amma ta ci ribar rikicin a Tema ba tare da ta motsa ba. Ni ban ga dalilin da zai hana a ce a irin wannan lokaci a tsayar da kuɗin dakon da ake lissafi da shi a kan abin da yake kafin rikici ba, ko na wata shida ne. Ba sadaka bace, ƙin cin riba ne a kan musibar mutane.

Kuma ba kowa abin yake duka daidai ba. Babban ɗan kasuwa mai kwantena hamsin a shekara yana da yarjejeniya da kamfanin jirgi, farashinsa a rubuce yake, yana da sito, yana da banki a bayansa. Hajiyar da ta haɗa kuɗin adashi da ɗan bashin 'yan uwa ta tura wa ejan a Yiwu, aka ba ta ɗan gurbi a kwantenar haɗaka ana auna mata da kubik, ita farashin ranar take biya, kuma ita ce ta ƙarshe da za a loda wa kaya. A wajenta ma tsadar ba ita ce babbar masifa ba, jinkirin ne. Kayan yara da mayafai da takalman da aka yi oda don Sallah in suka iso bayan an sauko daga Idi da sati biyu sun zama kayan ajiya, dole ta karyar ko ta riƙe su har wata Sallar, yayi kuma ya wuce, masu bashi kuma basu san wani Babul Mandab ba, sun san dai ranar da aka yi musu alkawari. Kuɗin da ya kamata ya juya sau uku a shekara sai ya juya sau biyu. Wannan asarar babu ita a lissafin kowace hukuma, amma ita ce take rufe shaguna a Aboabo da Sabon Zango. Makanikin Magazin ma haka, mota na kan jak tana jiran abin da ke cikin teku, direban tasi mai motar yana zaune a gida, mai abincin da yake ci a wajenta kullum ta rasa kwastoma ɗaya.

Wani abu da nake so mu faɗa wa juna gaskiya a kai, mu mutanen Zango. Lokacin da hare-haren suka fara, da yawanmu murna muka yi a majalisu da guruf-guruf na WhatsApp, ana cewa ga waɗanda suka tsaya wa Falasɗinawa. Zafin abin da ake yi a Gaza duk mai imani yana jin sa, ni ma ina ji. Amma a duba wa ya kwana a ciki. Masar, wadda kuɗin Suwez na cikin manyan hanyoyin samun dalarta, shugabanta Sisi da bakinsa ya ce sun yi asarar wajen dala biliyan 7 a 2024. Jirgin Rubymar da ya nutse a watan Maris na 2024 taki ne a cikinsa. Ma'aikata uku da aka kashe a jirgin True Confidence a wannan watan, biyu 'yan Filifin ne ɗaya ɗan Biyetnam, talakawa masu neman abin aika wa gida. Su kuwa kamfanonin jirage, da shekarar 2023 ta zo musu da faɗuwar farashi har suna kuka, rikicin nan ne ya tashe su. Makamin da aka ce an saita wa mai ƙarfi, raunana ya fi samu.

Kuma ba yau aka fara ba, mu ne dai muke mantuwa. A watan Maris na 2021 jirgi ɗaya tak, Ever Given, mai tsawon mita 400, iska ta juya shi ya gindaya a Suwez kwana shida, jirage sama da 400 suka yi layi. A lokacin korona kwantena mai ƙafa 40 da ake ɗauka ƙasa da dala dubu biyu ta haura dala dubu goma a manyan hanyoyi a watan Satumban 2021, shekarar da ta biyo baya Maersk kaɗai ya ci ribar wajen dala biliyan 29. A 2022 Rasha ta shiga Yukren, tashoshin Bahar Aswad suka rufe, alkama da man girki da taki suka yi tashin gwauron zabi, sai da Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka shiga tsakani aka buɗe hanyar hatsi daga Yulin 2022 zuwa Yulin 2023, aka fitar da kusan tan miliyan 33. Mu nan a burodin mai shayi muka gani, yana ƙanƙancewa kuɗinsa na ƙaruwa. A 2023 kuma fari ne ya kama Panama, tafkin Gatun da ke ba mashigin ruwa ya ja baya, aka rage jiragen da ke wucewa daga wajen 36 a rana zuwa ƙasa da 25. Can baya ma Suwez ta taɓa zama a rufe shekara takwas cur, daga yaƙin 1967 har 1975. Ga mashigin Hormuz da kusan kashi ɗaya cikin biyar na man duniya ke bi, ga Malaka a bakin Singafo. Duniya duk faɗinta cinikinta a 'yan ƙofofi biyar ko shida yake rataye, don haka duk mai cewa wannan karon ne kawai, a jira ya wuce, bai karanta tarihin abin ba. Wani zai sake zuwa, sunan wurin ne kawai zai canza.

Yanzu rabin da ba a son faɗa. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54 cikin ɗari, kusan shekara guda kafin a fara waɗannan hare-haren a Bahar Maliya. Sidi ce ta faɗi, bashi ya yi wa gwamnati katutu har ta kasa biya ta tafi wajen IMF. Abin da faɗuwar sidi ta yi wa ɗan kasuwa ya fi abin da 'yan Huthi suka yi masa nesa ba kusa ba. Sannan ga abin da ke jiran kwantena in ta sauka: kuɗaɗen da kamfanonin jirage ke caja a nan gida bayan an riga an biya su dako, kuɗin ajiyar kwantena, kuɗin wanke ta, kuɗin takarda, in kuma kwanakin kyauta suka ƙare takardu basu fito ba dimarej, wato tarar jinkirin kwantena, ya fara gudu da dala, ko da jinkirin daga netwok ɗin ICUMS na kwastan ne ba daga gare ka ba. Masu kiliyarin, wato masu fito da kaya daga tasha, sun daɗe suna wannan kukan. A 2024 majalisa ta yi sabuwar doka da ta ƙara wa hukumar Ghana Shippers' Authority ƙarfin sa ido a kan waɗannan caje-caje, abu ne mai kyau, amma doka a takarda daban, rasit ɗin da ejan zai turo maka daban.

Mu ma 'yan kasuwa ba mu fita ba. Farashi ya iya hawa amma saukowa sai an yi da gaske. A 2025 sidi ta farfaɗo, dala ta sauko daga sama da sidi 15 zuwa kusan 10, kuɗin dako ma ya lafa idan aka kwatanta da tsakiyar 2024, sai amsa ta koma "tsohon kaya ne Hajiya, da tsada na saro." To ai ranar da dako ya tashi ma tsohon kaya ne a shagon, amma a daren aka canza farashi. Na san hujjar, wai da kuɗin yau za a sayo na gobe, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai hujjar da ke aiki a hawa kawai bata aiki a sauka, a kira ta da sunanta.

Wasu na cewa maganin shi ne a dawo da Black Star Line, kamfanin jiragen da Nkrumah ya kafa a 1957, mu mallaki namu. Ina jin daɗin maganar a kunne amma ban yarda da ita ba. Jirage uku ko huɗu na gwamnati ba za su iya gogayya da kamfanin da ke da ɗaruruwa ba, kuma mun ga yadda na farkon ya ƙare. Abin da ke hannunmu a tudu yake. Kwantenar ɗan Kumasi ta ratso teku daga Chaina lafiya, sai kilomita 250 ɗin ƙarshe su zama su ne wahala, a bayan tirela, a titin da kowa ya san halinsa wajen Nkawkaw da Konongo. Tashar tudu ta Boankra, nan kusa da Ejisu, tun zamanin Kufuor ake maganarta, Akufo-Addo ya sake aza harsashi a 2020, manufar ita ce kaya su zo nan a yi kiliyarin a nan, 'yan Burkina da Mali da Nijar ma su tsaya nan basu sai sun je Tema ba. Shekara sama da ashirin kenan. Kuma Boankra babu jirgin ƙasa ai filin ajiye tireloli ne kawai, layin dogon da Turawa suka haɗa Ankara da Kumasi a 1923 ciyawa da shaguna sun cinye shi. An faɗaɗa tashar Tema, sabon ɓangaren da aka buɗe a 2019 yana karɓar manyan jirage, wannan an yi ƙoƙari. Amma Lome na nan gefe tana janye jirage da 'yan kasuwar Sahel, kuma ɗan kasuwa ba ya kishin ƙasa da kwantenarsa, inda ta fi saurin fita nan zai kai ta.

Abin mamakin shi ne mu Hausawan Gana mun fi kowa sanin abin da canjin hanya yake yi, don shi ya zaunar da kakanninmu a nan. Fataken Gwanja da jakuna suke tahowa daga Kano da Katsina wata da watanni su sayi goro a Salaga. Da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874 ikon Asante a kan hanyar ya karye, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya ƙarasa kasuwar, mutane suka watsu zuwa Kete Karachi da Kintampo da Kumasi da Ankara. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, goro ya juya ya koma bin teku zuwa Legas, daga can dogo ya kai shi Kano. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara gane haka suka riƙa loda goro a jirgin ruwa, ga inda zuriyarsa ta kai yau, Aliko Ɗangote jininsa ne. Waɗanda suka tsaya jiran hanyar jakuna ta dawo kuwa ko sunansu ba a riƙe ba. Hanya in ta canza ba kowa take kashewa ba, tana zaɓen wanda ya shirya. Daga ƙarshen 2023 jiragen duniya sun shekara da shekaru suna zagaya nahiyarmu, tambayar ita ce me muka sayar musu, mai ne, gyara ne, ko wurin sauke kaya a sake lodi.

Sannan akwai hanyoyin da suka fi Suwez kusa da tukunyarmu amma ba a kiransu da manyan sunaye. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ECOWAS ta rufe iyakoki, motocin albasa suka maƙale a bakin iyakar Benin kaya na ruɓewa, buhu ya yi tsadar da matan Zango basu taɓa gani ba. Tumatir daga Burkina yake zuwa, shanu da raguna ma daga arewa, ta hanyoyin da direba ke tsoron 'yan bindiga a can, a nan kuma shinge bayan shinge daga Paga har Kumasi kowanne da abin da za a ajiye. Hedikwatar yarjejeniyar cinikin bai-ɗaya ta Afirka tana Ankara, an fara aiki da ita a Janairun 2021, amma ka tambayi direban da ke dakon albasa daga Galmi ko ya ga bambanci. Ba mu da ikon hana wani harbi a Yaman, ba mu da ikon sa ruwan sama a Panama. Shingen hanya kuwa, da layin dogo, da yadda ake lissafa diyuti, da shinkafar Asutsuare da ta arewa da za ta iya rage mana jiran jirgin Biyetnam, da kajin Dormaa da daskararrun kajin waje suka durƙusar, duk waɗannan a Ankara ake yanke hukuncinsu, mutanen da muka zaɓa ne ke yankewa.

Shi ya sa nake ganin ƙungiyoyinmu, daga GUTA, babbar ƙungiyar 'yan kasuwar Gana, har ƙananan ƙungiyoyin masu albasa da masu kayan mota da sarakunan Zango, su daina tsayawa a kan "a rage mana haraji" kawai, wannan kowace gwamnati ta iya amsa shi da murmushi. A nemi abu mai suna: a buga jerin cajin da kamfanin jirgi ke da izinin karɓa a Tema kowa ya gani, a daina lissafa dimarej a ranakun da netwok ɗin gwamnati ne ya tsaya, a faɗi ranar da jirgin ƙasa zai shiga Boankra. Ƙananan masu oda kuma su haɗa kai su riƙa ɗaukar kwantena da sunan ƙungiya, su yi ciniki da kamfani a kan farashin shekara maimakon kowa ya je shi kaɗai ejan ya yanka masa abin da ya ga dama. Masu kayan Sallah dai su riƙa tura oda tun watan Rajab.